Makarantar tuƙin jirgin sama na son hayar Cessna 172 ɗina, amma kuɗin inshorar ya tsaya min a rai

MaiCessna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka a nan Amurka.

Ina da ƙaramin jirgin sama, Cessna 172P ƙirar 1982, injinsa Lycoming O-320 ne mai ƙarfin doki 160, ya ci awa 1,150 tun garambawul ɗinsa na ƙarshe. Aiki ya sha min kai, yawancin lokaci jirgin na ɗaure a fili rana na dukansa, ni kuma ina biyan banki kowane wata. Mai makarantar koyon tuƙi da ke filinmu ya same ni da tayi: in saka jirgin cikin jerin nasu, ɗalibai su riƙa hayarsa dala 165 a awa har da mai, makaranta ta cire kashi 20 cikin 100, sauran nawa. Amma mai da gyara da wurin ajiya da inshora duk a kaina suke. Ya ce jiragensu ba sa kasa awa 50 a wata.

Inda na tsaya shi ne inshora. Yanzu dala 1,600 nake biya a shekara, an yi wa jirgin ƙima dala 120,000. Idan ya shiga ƙarƙashin inshorar makarantar, kasona zai zama dala 9,200, kuma in aka yi ɓarna jirgi na cikin tafiya, dala 5,000 na farko daga aljihu za su fito kafin kamfani ya sa hannu. Haka farashin yake ko an ga baƙo ne? Ba zan iya riƙe tawa mai arha ba in ƙara sunan makarantar a kai? Sannan in ɗalibi ya faɗi da jirgin, Allah ya kiyaye, ni za a kai kotu ko su?

Tsohon Matuƙi

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi wannan harka da nawa ƙaramin jirgin, Piper Warrior, na wasu shekaru, zan faɗa maka abin da na gani.

Farashin da aka ba ka bai ba ni mamaki ba. Inshorar da kake da ita yanzu mutum ɗaya aka duba aka yanka mata kuɗi, wato kai, da awoyinka da tarihinka. Ta makaranta kuwa an yanka ta ne a kan yaron da bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba sai makon jiya, wanda zai sauka ya tashi sau goma cikin awa guda, wata rana kuma malami ya fita ya bar shi shi kaɗai a ciki. Kamfani ya san abin da yake saye.

Ɗauko biro mu yi lissafi da lambobinka. A cikin dala 165 makaranta ta ɗauki 33, saura 132. Jirginka na shan kamar galan 8 a awa, mu ce dala 6 galan, 48 ke nan, saura 84. Lycoming, kamfanin da ya ƙera injin, ya sa masa awa 2,000 tsakanin garambawul da garambawul. In ka ƙaddara aikin zai ci dala 36,000, dole ka riƙa ajiye 18 kowace awa, saura 66. Kai ma naka ya fi haka zafi, domin awa 850 suka rage maka, a cikinsu za ka tara kuɗin gaba ɗaya in ba ka fara tarawa tun da ba. Gyara da binciken da ake yi wa jirgi kowace awa 100 da tayoyi da birki, sa 35 a awa, ban cika ba. Abin da ya rage hannunka dala 31. Inshora 9,200 da wurin ɗaure jirgi, mu ce 1,800, sun kama 11,000 a shekara ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba. Raba 11,000 da 31, za ka ga sai jirgin ya yi awa 355 kafin ka ga ko sisi, ba a ma zo kan bashin banki ba. In da gaske ya yi awa 600 ɗin da aka yi maka alkawari, za ka samu wani abu. In ya tsaya a 300, kai ne ke ciyar da makarantar.

To awa 50 ɗin nan a wata, a baki aka faɗa maka ko a takarda? Ba a cinikin biri a sama. Ka ce ya nuna maka littafin awoyin kowane jirgi na wata 24 da suka wuce, har da watannin sanyi da hazo. Ka kuma lura da jiragen da shi mai makarantar ya mallaka da kansa. Idan ɗalibai suka yi ƙaranci, wanda ke rubuta jadawali ya san jirgin da zai fara cikawa, kuma ba naka ba ne. Ɗalibai su ma suna da zaɓi: in akwai sabuwar 172 mai allon kwamfuta na Garmin G1000 a gefe, tsohuwa mai agogon allura ita ce ta ƙarshe da za a ɗauka, sai dai in ta fi arha sosai.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne asarar da inshora ba ta biya. Wani ɗalibi ya sauko da Warrior ɗina da gudu, ta yi tsalle, ya danna hanci ƙasa, farfela ta taɓi titi. Ba wanda ya ji rauni. Da ido, bakin farfela ne kawai ya ɗan lanƙwashe. Amma da zarar farfela ta daki ƙasa, sai an sauke inji an buɗe cikinsa an duba karanshaf, wato babban sandan da ke juya farfela. Kamfanin inshora ya biya farfela da kuɗin buɗewa da mayarwa, ban da abin da na fara biya. Da aka buɗe sai aka tarar kamshaf, sandan da ke buɗe bawul yana rufewa, ya soma cinyewa. Wannan tsufa ne, ba hatsari ba, don haka nawa ne, kuma babu shagon da zai mayar da cinyayyen ƙarfe cikin inji ya sa hannu. Jirgi ya yi watanni a ƙasa ana jiran kaya. A duk watannin nan banki bai daina karɓa ba, inshora ba ta daina ba, haya kuwa babu. Makaranta ta mayar da ɗalibanta kan wasu jirage, harkarta ba ta tsaya ko na yini ɗaya ba. Da na zo sayarwa, duk mai saye sai ya buɗe littafin jirgi ya sa yatsa a kan wannan shafin ya nemi ragi. Faɗuwar darajar nan ma ba wanda ya biya ni.

Sai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Za ka zo ranar Asabar kana son tashi da iyalinka ka tarar an cike jadawali, ko ka shiga ka ga an ɓalle marfin aljihun gaba, kujera ta yage, wani ya goge gilashi da busasshen tsumma ya karce shi. In jirgin nan abin so ne a wurinka, ranka zai riƙa ɓaci.

'Yar Inshora

Malam MaiCessna, aikina ke nan, dillancin inshorar jirage, bari in amsa tambayarka ta biyu kai tsaye. A'a, kada ka kuskura. A takardarka akwai wurin da aka rubuta abin da aka yarda a yi da jirgin, taka za ta ce shaƙatawa da harkar kanka, ba haya ba, ba koyarwa don kuɗi ba. Akwai kuma sharaɗin matuƙa, wanda ya faɗi wa zai iya tuƙawa da awoyin da ake so ya kasance yana da su. Ɗalibi ba ya cika ko ɗaya. Ranar da aka yi ɓarna kamfani zai nemi littafin jirgi da takardar haya, ya ga abin da ake yi, ya ƙi biya, kuma yana da gaskiya. Ƙara sunan makaranta a takardar ba ya sauya wannan.

Abin da nake so ka fi damuwa da shi ya wuce 9,200. Takardar ta makaranta ce, ita ta saya, ita kamfani ya sani. Ka nemi cikakkiyar takardar ka karanta, kada ka tsaya a shafi ɗaya na shaida da za a miƙo maka. Ka duba da wane matsayi sunanka ya shiga. Ana so a rubuta ka cikin waɗanda inshorar ke karewa in an yi ƙara, a kuma rubuta kai da bankinka a matsayin waɗanda za a ba kuɗin jirgi in ya lalace. In ba haka ba, cek zai fita da sunan makaranta, kai kuma ka koma bin ta bashi. Ka duba ƙimar da aka rubuta wa jirginka, domin a wannan harka ƙimar da aka amince tun farko ita ake biya in jirgi ya tashi daga aiki. In an rubuta ƙasa da darajarsa don a rage kuɗi, ƙaramar ɓarna ma za ta iya sa kamfani ya biya ka wannan ƙimar ya ɗauke jirgin.

Akwai wani ƙari da bankuna ke nema, wanda ke cewa ko makaranta ta karya sharaɗi, misali ta bar wanda bai cancanta ba ya tuƙa, za a biya banki abin da yake bi. Bankinka zai nema, amma ka sani kansa yake karewa. Ka tambaya ko za a faɗaɗa shi ya haɗa da kai. Ka kuma sa a rubuta cewa kamfani zai sanar da kai kai tsaye kafin ya soke inshorar. Na ga inda makaranta ta daina biya, aka soke, masu jirage ba su sani ba, jiragensu na ta tashi babu komai a kansu. Kafin ka sa hannu ma ka duba yarjejeniyar bashinka, wasu bankuna ba su yarda a sa jirgi haya ba sai da izininsu.

Kan maganar kotu, ni ba lauya ba ce, amma ga abin da ke rubuce. Dokar tarayya, sashe na 44112 a kundi na 49, ta ce mai jirgin da ya ba da haya ta aƙalla kwana 30 ba ya ɗaukar alhakin rauni ko mutuwa ko ɓarna sai in jirgin na hannunsa ko shi ke juya al'amuransa. A 2011 kotun ƙolin jihar Fulorida ta taƙaita wannan kariya, ta ce ba ta shafi wanda ke cikin jirgin ba, sai a 2018 majalisa ta gyara lafazin dokar ta toshe wannan ƙofa. Amma kariyar ba ta hana a sa sunanka a ƙara, kuma ba ta wanke ka daga sakacinka na kanka. In kai ke zaɓen bakanike, kai ke cewa a gyara wannan a bar wancan, lauyan masu ƙara zai ce kana da hannu a jirgin. Ga kuma dokar 1994 da ta hana a kai kamfanin da ya ƙera ƙaramin jirgi ƙara bayan shekara 18 da sayar da shi. Jirginka na 1982 ne, don haka idon lauya zai koma kan makaranta da bakanike da kai. Amfanin shigar sunanka cikin takarda ke nan: kamfani ne zai ɗauki lauyan da zai kare ka.

Ka duba adadin diyya da kyau. Abin da aka fi sayar wa makarantu shi ne dala miliyan 1 a hatsari guda, amma kowane fasinja iyakarsa dala 100,000. Mutum ya ji mummunan rauni a ƙasar nan, 100,000 ba ta kai ko'ina a asibiti. Kuma miliyan ɗayan nan ba taka ce kai kaɗai ba, da kai da makaranta da malami duk a cikinta kuke. Da yawa suna sa jirgin a ƙarƙashin ƙaramin kamfani don raba shi da gidansu da ajiyarsu. Yana taimakawa, amma ka zauna da lauyan da ya san harkar jirage a jiharka, dokokin jihohi ba ɗaya ba ne.

Bakanike

Ni ta ɓangaren sifana zan yi magana. Da zarar makaranta ta fara ba da jirgi tare da malami don kuɗi, dokar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ta wajabta bincike kowace awa 100, ban da na shekara. Faɗin aikin kusan ɗaya ne da na shekara. In jirginka ya yi awa 600, sau shida ke nan za a buɗe shi, kowane buɗewa kuma sai an samu abu. Tayoyi ɗalibai ke cinye su, su taka birki tun taya ba ta gama zama ba, gefe ɗaya ya side har zare. Sitata na shan wahala saboda yawan kunnawa da kashewa. Maganeto, mai ba fulogi wuta, ana duba shi a awa 500, abin da da zai ɗauke ka shekara goma yanzu duk shekara ne. Layin da kujerar Cessna ke gudu a kai akwai umarnin FAA na a riƙa duba shi, kuma a jirgin makaranta kujera gaba da baya take yini.

Abin da nake fara leƙawa a 172 ta makaranta shi ne bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da mazaunin matuƙi. Ƙafar gaba a jikinsa take. In aka sauka a kan tayar gaba da ƙarfi, ƙasan bangon sai ya tattare, kuma ɗalibi ba zai zo ya ce ni ne ba. Sai ranar bincike a gani, a rasa ranar da abin ya faru balle wanda ya yi, kamfanin inshora kuma yana son a ce masa ga rana ga hatsari. Kafin ka miƙa makulli ka sa wani bakanike da ba na makarantar ba ya duba jirgin, a ɗauki hoton bangon nan da ƙafafu da cikin silinda, ku sa hannu ku biyu.

Baba Tsohon Matuƙi ya ambaci Piper, sai na tuna. A Afrilun 2018 fiffiken wata Piper Arrow ta koyarwa ya cire a sama a Daytona Beach, mutum biyu suka rasu, bincike ya nuna gajiyar ƙarfe ce a ginshiƙin fiffike. Umarnin da FAA ta fitar bayan nan kan wasu jiragen Piper nau'in PA-28 da PA-32 ya zo da wani lissafi: awoyin da jirgi ya yi a ƙarƙashin binciken awa 100 ana ƙirga su cif, sauran kuwa a raba su da 17. Hukuma da kanta ke nan ta nuna yadda take kallon awar makaranta a jikin ƙarfe. Umarnin bai shafi Cessna ba, amma masu saye sun san wannan lissafi.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa a madadin makaranta: inji ya fi son aiki. Lycoming da ke zaune tsatsa ke cin kamshaf ɗinsa, kuma kamfanin ya sa iyakar shekara 12 ko awoyin ba su cika ba. Injunan makaranta da ake canza wa mai a kan kari su ne na fi gani suna kaiwa 2,000 lafiya.

A yarjejeniya ka sa iyaka: duk gyaran da ya wuce adadi kaza sai an kira ka. In shagon gyaran na mai makarantar ne, ka san ta nan ma yana samu. Ka kuma tabbatar waye zai riƙe littattafan jirgi, ka ajiye hotonsu a wayarka. Makaranta in ta rufe da bashin shago a kanta, mai shago na iya riƙe jirgin da aka yi wa aikin, ko da kai ka riga ka biya makaranta kuɗin.

Malamin Sama

Kun tsorata bawan Allah da yawa. Ina koyarwa a makarantar da rabin jiragenta na mutane ne, kuma akwai masu jirgi biyu da uku a wurinmu, ba wanda ya tilasta musu ƙarawa. Bambancin shi ne sun sayi jiragen ne don wannan aiki, 172 marasa ado, ba sa jin komai in fenti ya karce, kuma suna zuwa duk wata su duba lissafi. A wurinmu ba ɗalibin da zai tashi shi kaɗai sai ya nuna inshorar mai haya ta kansa, wadda za ta ɗauki kuɗin farkon nan da ake biya daga aljihu in ya yi ɓarna. Malam, ka tambaya ko makarantarku na yin haka. Ka kuma tambaya da wane agogo za a biya ka. Ɗalibi da agogon Hobbs ake cajinsa, wanda ke ƙirga ainihin lokacin da inji ya yi a kunne, gyara kuma da agogon juyin inji ake ƙirga shi, wanda ke tafiya a hankali in inji na ƙasa-ƙasa. In aka caji ɗalibi da na farko aka biya ka da na biyu, an ci ka.

MaiCessna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na sake lissafin da awa 850 ɗin da suka rage, ajiyar inji ta haura dala 42 a awa, abin da zai rage min bai kai dala 10 ba. Na je wurin mai makarantar jiya. Agogon Hobbs ne, wannan babu matsala. Littafin awoyi ya ce zai haɗa min. Da na nemi cikakkiyar takardar inshora sai ya ce ba a saba ba wa masu jirage ba, shaida kawai ake bayarwa. Kan dala 5,000 ɗin kuma yarjejeniyar ta ce makaranta za ta “yi ƙoƙarin” karɓowa daga ɗalibi. Hajiya, wannan lafazin ya isa?

'Yar Inshora

Bai isa ba, Malam. Ma'anarsa in ɗalibi ya ce ba shi da shi, kai za ka biya. A rubuta cewa makaranta ce za ta biya duk ɓarnar da ta faru jirgi na hannunta, ita ta san yadda za ta yi da ɗalibinta. Ka ƙara da mafi ƙarancin awoyin da za a biya ka a wata ko jirgi bai tashi ba, da damar janye jirginka da sanarwar kwana 30.

Takardar kuma ba sirri ba ce ga wanda jirginsa ke ciki kuma yake biyan 9,200. In ba ya son ka ga kuɗin sauran jirage, ya rufe wannan shafin ya ba ka sauran. Ka nemi lambar dillalinsu ka kira da kanka, ka tambaye shi ɓarna nawa makarantar ta kai wa kamfani cikin shekara biyar da suka wuce, da kuma yadda aka raba kuɗin har kasonka ya zama haka. Ka sa wani dillali daban ya nemo maka farashin inshorar koyarwa da haya da sunanka kai kaɗai. Wataƙila ta fi tsada, amma za ka samu abin gwadawa, kuma takardar a hannunka za ta kasance. Duk wadda ka zaɓa, ka tabbatar an rubuta cewa kai ma za ka iya tuƙa jirgin don harkar kanka, kuma kada ka soke tsohuwar sai ka ga ranar da sabuwar ta fara aiki a rubuce.